GARIN DA BABU DUSA

Shafi na 23

*Da sunan Allah. Masu kare Wasila a wurin sharhi, ku gyara zama, yau sai kun nemo sabuwar hujja.*

Wasila ta ɗaga faifan da aka rufe ƙwaryar da shi. 

Gari ne a ciki. Fari tas, mai laushi, ko tsaki ɗaya babu.

"Inna, wanga hwa?"

Inna Asabe tana durƙushe gaban murhu tana dama kunun safe, ba ta ko waiwayo ba.

"Geronki na. Wanda kib bar min jiya."

"Ɓarzawa nic ce, Inna. Ki ɗan hwasa ƙwayar kaɗai, ki bar shi da dusa tai."

Sai a lokacin tsohuwar ta juyo da ludayi a hannu, tana kallon ɗiyarta kamar an zage ta.

"Da dusa? Ke kic ce min lakwal za a kai shi. Ni Asabe in daka hatsi a kai gaban malamai da dusa, a ce wace ƙazama tah haihe ki? Na surhe shi, na wanke, na shanya, na daka, na tankaɗe. In malamar taku ta tambayi hannun wa na, ki hwaɗa mata."

"Ina dusar?"

"Ga mai ita can."

Wasila ta waiga. Jar akuyar gidan ta gama lashe gindin kwano, ta ɗago kai tana tuƙa tana kallon ta, ko kunya babu.

Wasila ta zauna a bakin turmi.

Tun farkon damina, ranar da suka fara horo a wurin Madam Tsahara, aka ba kowace ɗaliba ɗan buhu na zane mai kauri, girman matashin jariri, cike da gero, an ɗinke baki an rubuta sunanta. Madam ta yi shekaru a ƙasar Sin tana koyon tausarsu da ilimin abinci, ta ce su can da shinkafa suke koyo, amma mu gero Allah ya ba mu. Kullum ki ɗora bayan hannunki ta gefen ƙaramin yatsa, ki saki wuyan hannu, ki yi ta mirginawa gaba da baya. Ba danna ba ne, ba duka ba ne. In hannu ya nuna, ƙarfinsa zai ratsa zanen ya farfasa ƙwayar da ke ciki, zane bai yage ba. Haka zai ratsa tsokar mutum ya tarar da ciwo inda yake kwance.

Yau za a farke buhunan a gaban jama'a. Wadda geronta ya fi farfashewa, ita Madam za ta tura Yamai wurin ƙwararrun Shinuwa, mutanen Sin, ta dawo da difilom ta zama mataimakiyarta.

Gurbi ɗaya ne.

Wasila kuwa ta san inda ta kwana. Ita da ta shekara da shekaru tana tausar masu jego a Ƙonni, buhun nan wasan yara ta ɗauke shi. Sai ta tuna take jawo shi, ta danne shi da ƙarfi kamar mai wanki, ta wurgar. Shekaranjiya da ta farke shi a ɓoye, geron ya zubo yana ƙara, tsaba lafiyayya, ko shuka shi aka yi zai tsiro. Shi ya sa ta bar wa Inna aikin turmi, su kuma suna lakwal, wato makarantar Madam.

Ga shi Inna ta yi mata gwaninta.

Kuma duk duniya babu wanda ya san dusa kamar Madam. Ita ce kullum take cewa, "Kuna ba akuya lafiya, ku kuna cin fari." Ko an rufe mata ido ta taɓa garin nan, za ta ce turmi ne.

"Za ki zo bikin, Inna?" Wasila ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Da wagga guiwa? Ba ni hawan kabu-kabu, ki ba ni labari."

Wasila ta ɗan ji numfashinta ya dawo. Ta mayar da faifan ta rufe ƙwaryar, daidai lokacin da labulen ɗaki ya ɗaga.

Raihanatu ce, ɗiyar kawun Wasila, da wayar salula a hannu, farar rigar aiki a kafaɗa.

"Yaya, Hajiya Saude ta kira. Wai kahwaɗar ta riƙe, ko kallabi ba ta iya ɗaurawa. Ta aiko da mota."

"Ke tak kira?"

"Tac ce taki ba ta shiga."

Salular Wasila tana soke a ƙugunta, cike da caji, rezo, wato sabis, har ya yi yawa. Hajiya Saude, matar mai manyan motocin tasha, duk haihuwar da ta yi hannun Wasila ne ya gasa mata jiki. Sau ɗaya tak Wasila ta bar Raihanatu ta taɓa kafaɗar, ranar da mura ta kwantar da ita. Tun daga ranar, "a turo min ƴar Bazaga."

Ƴar Bazagar da Wasila da kanta ta ɗauko. Ita ta je har ƙauye ta roƙi Kawu, ita ta yi ta sintiri a buron Madam, wato ofishinta, har aka karɓe ta. Yarinyar da ta zo Ƙonni ba ta san yadda ake kunna fanka ba.

Wasila ta yi murmushin da bai wuce haƙora ba.

"Tahi, likitar Bazaga. Jiya-jiya jaki kika kora, yau mota aka aiko miki."

Raihanatu ta ƙyalƙyale da dariya. Taubasai ne, irin wannan magana abincinsu ce.

"Jakin nan dai shi ka kawo muku hatsin da kuka ci, mutanen birni. Da ba mu, da kwalta za ku tauna."

"Allah shi ba ki haƙuri."

"Yaya, don Allah ki taho min da buhuna, shina bisa gado. Daga gidan Hajiya zan wuce lakwal."

Ta durƙusa ta gaida Gwaggonta Inna Asabe, ta kurɓi kunu a tsaye, ta fita da gudu-gudu.

Wasila ta bi ƙofar da kallo har ƙarar motar ta ɓace.

Sannan ta kalli ƙwaryar.

Sannan ta kalli labulen ɗaki.

*

A ɗaki ta sa reza a bakin buhun, zaren bai yi mata gardama ba.

Da ta zazzage buhun Raihanatu a tire, sai da ta rufe ido. Ba ta so ta gani, kuma ta kasa daina kallo. Na tsakiya ya zama gari, ruwan ƙasa-ƙasa, dusa ta cakuɗe da shi. Na kusa da shi tsaki. Can gefe, inda hannu ba ya kaiwa, ƴan tsabobi ne suka tsira. Aikin watanni ke nan. Duk ƴar ƙarar nan da take ji bayan la'asar, shuu, shuu, shuu, tana kwance tana danna salula tana cewa, "Ke, kin ishe mu da niƙa," ashe wannan ake niƙawa.



"Hannun noma na," ta faɗa a fili, ita kaɗai a ɗaki. "Ba wata baiwa ba ta. Kowa yar riƙa hauya tun yarinta zai iya."

Maganar ba ta sanyaya mata komai ba.

Ta ɗura geron Raihanatu a buhunta. Ta ɗura garin Inna a na Raihanatu. Ta ɗinke biyun, ta ciji zaren, ta kakkaɓe tiren a bayan ɗaki kaji suka taru.

Yarinya ce, ta faɗa wa zuciyarta. Za a yi mata faɗa, ta yi kuka, baɗi ta sake. Ni fa? Bazawara da ɗiya biyu, yayyena maza suna dariya wai na shiga lakwal ɗin matsa ƙafa. In ƴar ƙauyen da na ɗauko ta hau motar Yamai ta bar ni a tasha ina ɗaga hannu, da wane ido zan sake shiga gidan suna a garin nan?

Ta ɗauki buhunan biyu ta fita, ba ta yi wa Inna sallama ba.

*

Gidan Madam Tsahara, can bakin hanyar Tawa, ya cika da mata. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, iyaye da ƴan'uwan ɗalibai sun zo daga Malbaza, daga Illela, har da wasu daga Badagishiri da suka kawo albasa tsaraba. A kan dogon tebur an jera abin da ɗalibai suka koya: dambun zogala, wake da kabewa, kunun gero da ba a raba shi da dusarsa ba. Wata tsohuwa ta ɗanɗana kunun, ta yamutsa fuska, ta ce a garinsu wannan na raguna ne. Aka yi dariya.

Motar Hajiya Saude ta tsaya a ƙofa. Hajiya ta fito tana wulwula hannun dama sama kamar mai kiran kabu-kabu.

"Ku dubi nan, jama'a. Da sahe ko cokali ban iya kai wa baki. Yarinyar ga ta ɗora hannu, ni dai ban ji ta danna ba, sai nij ji ɗumi na bi na har yatsu. Wagga ba hannu gare ta ba, rahama ta."

Ta wuce ta gaban Wasila.

"A'a, Wasila, kina nan? Ina su Inna?"

"Lahiya lau, Hajiya."

Shi ke nan abin da ta samu. Hajiya ta leƙa ta faɗa wa direbanta wata magana, motar ta juya ta koma cikin gari. Wasila ba ta kula ba, idonta yana kan Raihanatu da mata suka kewaye, wannan na nuna mata guiwa, waccan na nuna mata ƙugu.

Raihanatu ta zame ta zo ta karɓi buhunta, ta rungume shi ba ta ko duba ba.

"Sannu Yaya. Gabana sai hwaɗuwa shikai."

"Naki gaban?"

"Wallahi."

Madam Tsahara ta fito daga buro da almakashi a hannu, aka yi tsit. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, ba ta kuma da yawan magana.

"Na gode da kuka zo. Ba zan tsare ku ba. Mara lafiya zai iya ce miki ya ji daɗi don kunya. Gero ba ya jin kunyar kowa. Shi za mu tambaya."

Aka fara. Tana yanke zare, ta zazzage a faifai, ta murza da yatsu, ta hura a tafin hannu dusa ta tashi. Wata ta ce mata ta ƙara haƙuri, wata ta ce mata ta rage ƙarfi. Na Naja'atu ƴar Malbaza ya zubo rabi tsaba rabi tsaki.

"Hannunki na hagu ina yake lokacin da na dama yake aiki?"

"Shina riƙe da salula, Madam."

Rumfar ta ɗauki dariya.

"Wasila."

Ta miƙa buhun. 

Madam ta zazzage. Ta tsaya. Ta murza, ta hura, dusa ta tashi ta sauka a kan baƙin tabaronta. Ta sake murzawa. Ta daɗe tana kallon faifan kafin ta ɗago.

"Na yi miki mummunan zato, Wasila. Na ɗauka kin raina buhun nan. Ki yafe ni." Ta ɗaga faifan sama. "Ku duba. Wannan shi ake kira hannu ya nuna."

Wata ta rangaɗa guɗa. Mata suka juyo gaba ɗaya, idanun da ɗazu suke kan ƴar Bazaga duk suka dawo kanta. Hajiya Saude ma ta ce, "Ai tsohon hannu tsohon hannu na."

Daɗin ya ratsa Wasila har tafin ƙafa. Ta san ba nata ba ne, amma ta sha shi kamar mai buɗe baki da ruwan randa.

Raihanatu tana tafi, har da tsalle kaɗan.

"Raihanatu."

Ta miƙa nata da hannu biyu, tana murmushi.

Almakashi ya ci zaren. Madam ta karkata buhun.

Garin ya zubo shiru, fari tas, ya taru a tsakiyar faifai kamar an kawo shi gidan amarya.

Madam ta ɗebo, ta murza. Ta hura a tafin hannunta.

Babu abin da ya tashi.

"Ina dusar?"

Murmushin Raihanatu bai gama sauka daga fuskarta ba. Ta matso, ta leƙa faifan, ta kalli sunan da ke jikin buhun.

"Madam, wanga ba…"

"Sunan wa ke jiki?"

"Nawa."

"To ina dusar? Hannu ba ya surfe. Hannu ba ya tankaɗe. Wannan ya shiga turmi, ya sha ruwa, ya sha rana, ya bi ta rariya."

Rumfar ta yi tsit, sai kukan wani jariri can baya.

Raihanatu ta ɗauki buhun da ya zama fanko. Ta juya bakinsa. Guntun zaren da almakashi ya bari yana nan, sabo fil, bai sha dauɗar hannu ba. Ta daɗe tana kallon sa.

Sannan ta ɗago ta kalli Wasila.

Sau ɗaya. Ba harara, ba hawaye. Kallon wanda ya taka ƙaya a tsakar ɗakinsa.

Wasila ta mayar da idonta kan dambun zogala.

"Ina sauraren ki," in ji Madam.

"Ban da abin cewa, Madam."

"Ashe sanyin halin nan duk na munahunci na," Naja'atu ta faɗa ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji. "Mu da muka riƙon salula dai ba mu riƙa taɓarya ba."

Hajiya Saude ta sauke hannun da take ta wulwulawa.

Madam ta cire tabaronta, ta goge dusar da ta sauka a kai, dusar geron Raihanatu, ta mayar.

"Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai. Wadda take son gurbi, in ta yi maguɗi, na gane. Ke me ya kai ki? Ba ke kika same ni a buro ran Talata ba?"

"Madam, don Allah…"

"A'a, sai na faɗa. Ba ke kika durƙusa kika ce ko naki ya fi na kowa kada in tura ki Yamai ba? Kika ce in tura yayarki, don ita ta ɗauko ki daga ƙauye, ba za ki shige gabanta ba? Na ce miki ba a rabon gurbi kamar goro. Kika yi ta kuka har na ce to, in dai ta kawo min buhunta da gaskiya, ko rabi ya fashe, zan tura ta, ke ki jira baɗi. Gurbin da kika riga kika bayar, shi za ki yi wa ƙarya?"

Kunnuwan Wasila suka toshe.

Ran Talata.

Ran Talata geronta yana cikin buhunsa, tsabarsa lafiya lau, Inna ba ta taɓa shi ba. Da ta kawo shi haka, da ƙararsa da komai…

Mata suka fara salati ƙasa-ƙasa, ana kallon Raihanatu, ana kallon Wasila. Ta jira ta ji kunya ta rufe ta. Kunyar ta zo, amma ba ita ta fara isowa ba. Abin da ya riga ta zafi ne, irin na barkono a ido.

Sadaka.

Wato yarinyar nan ta san ta fi ta. Ta san da tabbaci, har ta je buro ta bayar da ragowar. Da Wasila ta hau motar Yamai tana ɗaga kai, ashe kujerar ƴar Bazaga ce aka bar mata don tausayi. Ta fi ta hannu, ta ƙwace mata Hajiya, yanzu ga shi a gaban mutanen gari uku ta fi ta hali. Ko a ƙasa aka kayar da ita, sai ta faɗi a samanta.

"Wasila."

Ta zabura.

"Ke ce babba, ɗaki ɗaya kuke kwana. Ina so in ji daga bakinki kafin in yanke hukunci. Kin taɓa ganin ta kai buhun nan wurin turmi?"

Raihanatu ba ta ɗago ba. Tana tsaye da fankon buhu a hannu, tana murza bakinsa da gefen ƙaramin yatsa, hannun yana yin abin da ya saba ba da saninta ba.

Kalma ɗaya ce. *Ni ce.* Tana nan a kan harshen Wasila, ta ji nauyinta.

Ta kalli faifanta da ke kan tebur, wanda aka yi wa guɗa.

"Ni dai ban gani ba, Madam." Ta kawar da kai. "Amma ba kullum nika gida ba."

Raihanatu ta rufe ido.

Madam ta gyaɗa kai a hankali.

"Hannun da ya yi wa buhu ƙarya zai yi wa mara lafiya. Ba zan sa sunana a takardarki ba, Raihanatu, ba bana ba, ba baɗi ba. Ajiye rigar."

"Madam, a yi mata haƙuri," in ji Hajiya Saude. "Kahwaɗata hwa ba ƙarya ta ba."

"Shi ya sa abin ya fi min ciwo, Hajiya."

Raihanatu ta fara ɓalle maɓallan farar rigar. Na farko. Na biyu. Yatsunta suka kasa na uku, ta tsaya tana fama da shi, babu wadda ta matsa ta taimake ta.

Madam ta ɗauki faifan garin, tana juya shi a hannu, ranta a ɓace.

"Kuma ko wace ce ta daka wannan, ta iya daka. Rabona da ganin surfe mai tsabta haka tun kakata tana da rai."

"Salamu alaikum."

Muryar daga ƙofa ta fito.

Wasila ta juya da sauri.

Motar Hajiya Saude ce ta dawo. Inna Asabe tana takowa a hankali, hannu ɗaya a kan guiwa, ta sha sabon zanenta na zuwa biki, har da kwalli.

"Au, na mance," in ji Hajiya, muryarta a sanyaye. "Yarinyar ga tar roƙe ni tun da sahe in aika a ɗauko Gwaggonta. Wai yau za a zaɓi ɗiyarta, bai kamata a ba ta labari ba."

Wasila ta yi taku ɗaya.

"Inna, zo ki zamna nan, guiwarki…"

"Bar ni in gaida malama tukuna, ke ba ki da ta ido?"

Tsohuwar ta ratsa tabarmi, mata suna janye ƙafafu. Ba ta lura da shirun ba. Ba ta lura da Raihanatu da rigarta a ɓalle ba. Idonta ya riga ya sauka a kan abin da ke hannun Madam, fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir da Makka.

"Tun daga ƙohwa nij ji kina yabo, malama. Allah shi yi miki albarka, ke kin san hatsi."

Ta sa yatsu biyu ta ɗebo garin, ta murza, ta ɗaga shi sama don na baya su gani.

"Ɗiyan zamani sai inji. Wanga kuwa hannuna na. Jiya tun hantsi nika bisa turmi, da wagga guiwa tau."

"Inna," in ji Wasila. Muryar ba ta fita ba.

Madam ba ta kalle ta ba. Ta sauke faifan a hankali, ta ajiye shi kusa da ɗayan, fari kusa da ruwan ƙasa.

"Ke kika daka shi, Inna?"

"Ni da kaina. Wai ita cewa tay yi in bar shi da dusa, ki ji min shirme."

"Wa ta ce ki bar shi da dusa?"

Inna Asabe ta juya tana neman fuskar a cikin taro. Ta wuce Naja'atu. Ta wuce Raihanatu. Ta miƙa yatsan da gari ya yi wa fari.

"Ga ta nan tsaye. Wasila, ashe ba ki hwaɗa musu ba?"